Yaronka ba lafiya, makaranta tace sai ya zo jarabawa: ga yadda zaka bi da su

Shekaranjiya wata ƙanwata ta kira ni hankali tashe, wai ɗanta kwana biyu yana kwance da zazzaɓi, sai ga saƙo a gurup ɗin iyaye na WhatsApp cewa duk yaron da bai zo jarabawa ba sifili za a sa mashi, ba a karɓar uzuri. Tana tambayata ko ta ɗura mashi farasitamol ta tura shi a Napep. Nace mata a'a, kuma nace bari in zauna in rubuta abin nan gaba ɗaya, dan ni ba labari aka ba ni ba, a gidana ta faru.

Ɗiyata sikila gare ta. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi nan cikin Katsina, jarabawar zango na uku, cikin Yuli, ruwa ya ɗan taɓa su da safe a hanya. Tun a gida ta faɗa ma uwarta bayanta na ciwo, ni da bakina nace ta daure saura fefa uku a gama, wannan laifin nawa ne ban ɗora ma kowa ba. Ta shiga aji, gorar ruwanta an ce a aje waje saboda satar amsa, ciwo ya taso mata tun fefar farko ta ɗaga hannu, malamin da ke tsaron su yace ba mai fita sai lokaci ya cika. Haka ta kifa kai bisa benci tana kuka a hankali. Ba a kira ni ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Kwana shida mukai a asibiti, ƙarin ruwa, ƙarin jini leda ɗaya, jarabawar da aka tsare ta dominta kau ko layi biyar ba ta rubuta ba.

Daga wannan shekarar na canza yadda nake mu'amala da makaranta, kuma shi ne zan zayyana.

Mataki na farko, takardar likita tun satin farko na zango

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar jarabawa ba wanda zai saurare ka, shugaban makaranta na ta kai da kawo, malamin da ke kula da jarabawa na ƙirga takardu, mai gadi ma an ce kar ya bar iyaye su shigo. In kana da yaro mai ciwon da ke tashi lokaci zuwa lokaci, sikila, asma, farfaɗiya, ciwon suga, olsa, ko yarinya mai matsanancin ciwon mara duk wata, to tun satin da aka koma ka je asibitin da yake da fayil ka nemi rahoton likita. Ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ne wanda har yau muke ce ma FMC, ko Janar, ko asibitin Turai na mata da yara, ko babban asibitin Daura in can kake, ko ma asibitin kuɗi, abin da ake so dai takarda mai kan asibiti da sa hannu da sitam. Rubutun mai kemis bisa 'yar takarda ba ya aiki, kuma da gaskiyarsu.

Kar ka bari likita ya rubuta sunan ciwo kaɗai ya sallame ka. Malamin aji bai san me sikila ke buƙata ba, ya dai san sunan. Ka roƙi likita ya rubuta abubuwan da za a yi a aikace: a bar shi da ruwan sha a gefenshi ko cikin jarabawa, a bar shi ya je bayi in ya nema dan masu sikila suna yawan fitsari, kar a sa shi shara ko kaɗe allo in asma ce, inhela ta zauna a aljihunshi ba cikin durowar ofis da aka kulle aka tafi da makulli ba, mai suga a bar shi da alawa ko lemu, kar a yi mashi horon tsallen kwaɗo ko tsayuwa cikin rana, sannan alamomin da in an gani a kira gida nan take. Layi biyar ko shida sun isa.

Kai fotokwafi uku. Asalin ya zauna gida.

Na biyu, ka kai da ƙafarka, kuma a sa maka hannu

Kar ka ba yaro ya kai. Zai ƙare cikin jaka tare da ɓawon gyaɗa. Ka shirya ka je da kanka ko uwarshi ta je, ku fara da fom masta dan shi ke ganin yaron kullum, sannan malamin jarabawa, sannan shugaba. Ka haɗa da 'yar wasiƙarka gajera, da Hausa ma ta yi in Turancin zai ba ka wahala. Tawa ga yadda take kusan kowace shekara:

Ranka ya daɗe, ina sanar da makaranta cewa ɗiyata da ke aji kaza tana da ciwon sikila, ga rahoton likita nan haɗe. Ina roƙon a bar ta da ruwan sha da zuwa bayi ko lokacin jarabawa, in ta ce jikinta na ciwo a kira ni nan take a waɗannan lambobi biyu, in ba a same ni ba na yarda a kai ta asibiti mafi kusa, zan biya abin da aka kashe. In ciwo ya hana ta zama wata jarabawa ina roƙon a sa mata wata rana.

Layin nan na kuɗi kar ka raina shi. Sau da yawa abin da ke sa malami ya tsaya jiran uba maimakon ya ɗauki yaro ya nufi asibiti shi ne tsoron wa zai biya kati da magani, albashinshi bai kai ya kawo ba. In ka cire mashi wannan tsoron ka gama rabin aiki.

Sai ka miƙa kwafi ɗaya kace dan Allah a sa hannu da kwanan wata a ba ka abinka. Wasu za su ɗan ɓata fuska, wai ba ka yarda da su ba ne halan. Kai dai kai murmushi kace saboda mantuwa ne Malam, yau kai ne gobe an yi maka canjin wurin aiki. Wannan takardar mai sa hannu ita ce duk ƙarfinka ranar da magana ta tashi.

Ka karɓi lambar fom masta ka ba shi taka da ta uwar yaron. In ka samu hali ka riƙa gaishe shi ko ba komai, mutum ya fi kula da ɗan wanda ya sani, haka zuciya take.

Na uku, ka san wace jarabawa ce ake maka barazana da ita

Nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa, kuma nan zan fi daɗewa. Jarabawa iri biyu ce. Akwai wadda ke hannun makaranta, akwai wadda ba ta hannunta.

Tes, CA wato makin da ake tarawa cikin zango, jarabawar ƙarshen zango, mok, duk waɗannan malaman makarantar ne suka tsara tambayoyin, su ke makin, su ke cika rizol. In shugaba yace maka ba yadda za a yi, gaskiyar magana ba ya so ne ko yana ganin wahala ce, amma yadda za a yi akwai. Ana iya sa ma yaro rana bayan ya warke, ana iya canza mashi tambayoyi in ana tsoron abokanshi sun faɗa mashi, ana iya duba makin CA ɗinshi da na zangunan baya, tunda dama CA ɗin a wasu makarantu maki 30 ne a wasu 40. Ka je da waɗannan zaɓin a bakinka, kar ka je da faɗa kaɗai. Ni abin da nake cewa shi ne, Malam ban ce a ba ta maki kyauta ba, a canza tambayoyin, a zaunar da ita a ofis gaban wanda kuka ga dama. Da wuya mai hankali ya ƙi wannan.

Kuma in za a yi adalci su ma suna da abin da suke tsoro. Akwai iyayen da ke ƙirƙiro ciwo dan yaro ya ji tambayoyi wajen 'yan ajinsu, akwai masu tafiya biki Kano su dawo su ce zazzaɓi ne. Shi ya sa takardar da ka kai tun farkon zango ke raba ka da waɗannan. Amma wani abin kau ba tsoron maguɗi ba ne, son a gama a tattara rizol a rufe a yi hutu ne, da son a ce makarantarmu ba wasa. Makarantar da ke kirarin tsanani da jikin yaro mara lafiya ni dai ban ga abin burgewa ba. Azumin Ramadan da Allah ya farlanta ma an ɗauke ma mara lafiya ya rama wasu kwanaki, salla in ba ka iya tsayuwa ka yi zaune, to tes ɗin Soshiyal ne ba a ramawa? Na taɓa faɗa ma wani mataimakin shugaba haka, yai dariya yace Alhaji ka kashe bakina.

Ta biyun ita ce WAEC, NECO, NBAIS ta makarantun Larabci da Islamiyya, JAMB da jarabawar gama aji uku na ƙaramar sakandare. Waɗannan shugaban makaranta ba shi da ikon ɗaga ranar, fefar da ta wuce ta wuce, rizol zai fito da alamar bai zauna ba a wannan darasin. Amma ko nan ɗin ba ƙarshen duniya ba ne kamar yadda ake tsorata mu. WAEC ta 'yan makaranta ana yinta wajen Mayu da Yuni, NECO na biyo baya Yuni zuwa Yuli, kenan wanda yai rajistar biyun in ya rasa Lissafi a ɗaya yana da dama a ɗayar cikin 'yan makonni. Bayan su akwai ta masu zaman kansu wadda ake ce ma GCE, WAEC na yinta sau biyu, farkon shekara da ƙarshenta, NECO ma na da tata wajen Nuwamba da Disamba. Yawancin manyan makarantu suna karɓar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi daga zama biyu, sai dai kwasa-kwasai irin likitanci da jami'o'i da yawa ke son zama ɗaya, wannan ka duba tun wuri in can yaron ya nufa. Dan haka in ɗanka mai ciwo ne kuma aljihu zai iya, ka yi mashi rajistar biyu. Da tsada, na sani. Amma ka kwatanta da kuɗin kwana shida a gadon asibiti.

JAMB ce mai ɗan zafi dan sau ɗaya take a shekara, awa 2 gaban kwamfuta, ga sammako ga layin tantance yatsa, kuma ba a shiga da komai. Mai asma ko suga ya riƙe takardar likita a hannu ya nuna ma jami'an tun a bakin ƙofa kafin a fara bincike, kar ya ɓoye inhela a safa a kama shi a ɗauka wani abu ne.

Ga WAEC da NECO kuma, mai kula da zauren daga waje yake zuwa, bai san ɗanka ba. Ka roƙi shugaba ko malamin jarabawa su gabatar mashi da maganar tun ranar farko, a zaunar da yaron kusa da ƙofa inda iska ke shiga, ruwa a gora mai haske wadda aka cire ma takarda dan kar a ce an rubuta amsa a jiki. Kuma ka haɗa mashi guzuri kamar zai wuni, dan fefa na iya makara, a 2025 an ga wuraren da dare yai ma ɗalibai suna rubuta Turancin WAEC da fitila. Yaron da ke shan magani a kan lokaci ya tafi da na yamma a aljihu.

Na huɗu, sati biyu kafin a fara

Ka karɓi jadawalin jarabawa ka manna a bango. In ranar ganin likita ta faɗo ciki, ka je asibiti tun yanzu a matso da ita gaba, kar ka tsallake ta. Ka duba magani ya isa, folik asid da na rigakafin maleriya ga mai sikila, haidiroksiyuriya in an ɗora shi a kai, inhela ba wadda ta kusa ƙarewa ba, maganin farfaɗiya kau ko na kwana ɗaya kar a yi fashi.

Sai barci. Karatun kwana da yara ke yi, ga kofi ga lemun ƙara kuzari, ga lesin ɗin yamma ga Islamiyya ga hadda, mai lafiya ma yana jigata balle mai farfaɗiya wanda rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tada mashi ciwo. Ni lokacin jarabawa nakan je in nemi alfarma wajen malamin Islamiyya a rage mata hadda na sati biyu, bai taɓa hana ni ba.

Ka kuma lura da lokacin shekara. Jarabawar Disamba hunturu ne, sanyi na tada sikila, ƙura na tada asma, rigar sanyi da safa da takunkumi, in makaranta tace rigar ba kalar yunifom ba ce ka sayi kalar tasu ka huta. Ta wajen Maris da Afrilu zafi ne da ke haura digiri 40 a garin nan, ruwa ruwa ruwa, kuma lokacin sanƙarau ne. Ta Yuli damina ce, sauro ya fara, gidan sauro ba fashi.

Na biyar, safiyar da ya tashi ba daɗi

Nan ne hukunci ke hannunka kai kaɗai, kuma nan ne na faɗi. Sayi ma'aunin zafin jiki ka aje a gida, ba shi da tsada, taɓa goshi da bayan hannu yaudara ce. Mai sikila in zafi ya kai 38 asibiti za a nufa ba makaranta ba, ko da yana cewa zai iya. Haka in ƙirji na ciwo, ko numfashi na sama sama, ko ya ɗashe tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko cikinshi ya kumbura ta hagu, ko hannu ko ƙafa ɗaya ya saki ko baki ya karkace ko magana ta harɗe. Yaro namiji kuma ka ja shi gefe tun yanzu ka faɗa mashi in gabanshi ya miƙe da ciwo ya ƙi kwanciya har wajen awa 2 ya faɗa maka, kunya ke sa su yin shiru har abin ya lalace.

Mai asma in ya shaƙi inhela bai samu sauƙi ba, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ba jarabawa. Kowane yaro, mai ciwo da lafiyayye, in zazzaɓi ya haɗu da sanƙarewar wuya da matsanancin ciwon kai da amai, gudu za a yi. Zazzaɓi na yau da kullum kuma a yi gwajin maleriya tukun, in ita ce maganin kwana uku ne a shanye duka, ba a sha na kwana ɗaya a ji dama a aje.

Abin da nake roƙon iyaye su bari shi ne kai yaro kemis a yi mashi allurar kashe ciwo dan ya samu ya rubuta. Ciwon yana nan, ka dai rufe mashi baki ne, kuma allurar fenta da ake yawan yi ma masu sikila barkatai tana kama mutum ya zama ba ya iya rabuwa da ita.

Sai cututtuka masu yaɗuwa, ƙyanda, ƙarambau, hangum, apolo, da mashaƙo wadda ta addabi jihohin nan har da tamu a 2023. Waɗannan ko makaranta ta ce a kawo shi kar ka kai, haƙƙin 'ya'yan mutane ne.

In ka yanke ba zai je ba, kafin ƙarfe takwas ka kira fom masta, sannan ka tura saƙo a rubuce dan ya zauna shaida, in kun isa asibiti ka ɗauki hoton kati ka tura. Ranar sallama ka karɓi takardar da ke nuna ranar da aka kwantar da ranar da aka sallama. Cikin kwana biyu ka kai makaranta ka nemi a sa rana, kar ka bari sai an gama haɗa rizol.

In kuma ciwon a makaranta ya taso, abin da ka koya ma fom masta ne zai yi aiki. Mai farfaɗiya a kawar da benci, a sa mashi abu mai laushi ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a juya shi gefe, ba cokali a baki ba ɗura ruwa ba danne shi, kuma yawunshi ba ya sa ma kowa ciwon, wannan camfin ya sa yara da yawa sun faɗi an watse an bar su. In ta wuce minti 5 asibiti. Mai suga in ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa a ba shi abu mai zaƙi in yana cikin hayyacinshi, in ya suma kar a ɗura mashi komai.

Na shida, in sun ƙi

Bi matakala. Fom masta, malamin jarabawa, mataimaki, shugaba, mai makaranta in ta kuɗi ce. In ba a dace ba shugaban PTA, ko SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a ta gwamnati. Kafin ka kai ga hukuma ka gwada hanyarmu ta gida, da wuya a rasa wani dattijo ko limami ko mai unguwa da mai makarantar ke jin nauyi, sau da yawa waya ɗaya ta gama. In duk bai yi ba sai ka rubuta koke ka haɗa da kwafin takardar nan mai sa hannu, firamare ka kai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sakandare ofishin ilimi na shiyya ko ma'aikatar ilimi, makarantun kuɗi ma ƙarƙashinta suke. Akwai ma tsarin kula da lafiya a makarantu da gwamnatin tarayya ta fitar tun 2006, dan haka ba wata sabuwar alfarma kake roƙo ba. Facebook dai ka bar shi can ƙarshe, in ka fara da shi ka rufe ƙofar sulhu kuma ɗanka ne zai koma ajin gobe.

Masu yara a makarantar kwana, naku ya fi wuya, duk abin da na faɗa ku ninka. Ku san metiron ko malamin ɗakin kwana ido da ido, ku ga ɗakin shan maganin da idonku, ku samu malami ɗaya mai zama cikin makarantar da yaro zai iya bugo maku ta wayarshi, kuma a rubuta a fayil cewa in kun zo ɗaukarshi dan asibiti ba sai an jira shugaba ya dawo daga tafiya ba. In ciwon mai yawan tashi ne ni shawarata jeka-ka-dawo.

Ƙanwar tawa ta kai yaron an gwada, maleriya ce. Ta tura ma fom masta hoton sakamakon gwajin, ya amsa da Allah ya sawwaƙe, yace ta kawo shi Litinin ta sama ya rubuta biyun da ya rasa a ofishin malamai.